Kyautar Sarkin Jan Ƙarfe da Hakkin Masu Haƙa

A cikin birnin Dublin, babban birnin ƙasar Ailan, tsibirin nan da ke yamma da Ingila, akwai wani gidan littattafai inda aka ajiye mus'hafi guda wanda masana rubutun hannu suka yi ittifaƙi a kan cewa ba shi da na biyu a bayan ƙasa, wato wanda Aliyu ɗan Hilal, da aka fi sani da Ibnul Bawwab, ya rubuta a Bagadaza cikin shekara ta 391 bayan Hijira, daidai da 1000 zuwa 1001 ta Miladiyya. Ba wani ƙaton littafi ba ne, don tsawonsa bai cika taƙi guda ba. Takardarsa ta yi jaja-jaja, kowane shafi saɗara 15 ne, haruffan kuma sun jeru kusa da juna ba tare da ɗaya ya taka ɗan'uwansa ba, kai ka ce an auna wa kowane mazauninsa tun kafin a tsoma alƙalami a tawada. Masu tarihi sun ce sau 64 wannan bawan Allah ya rubuce Alƙur'ani daga Fatiha zuwa Nasi, amma a yau babu wanda aka tabbatar nasa ne sai wannan kaɗai, shi kuwa ba ya Bagadaza, ba ya Alƙahira, ba ya Istambul, ya ƙare a hannun wani Ba'amurke mai haƙar ma'adinai, wanda ba Musulmi ba ne, ba kuma malamin Larabci ba, sunansa Alfred Chester Beatty.

Mas'alar da rayuwar wannan mutum take tayarwa tsohuwa ce, takan kuma dawo duk sa'ad da attajiri ya mutu ya bar alheri mai gudana a bayansa, alhali hanyar da dukiyar ta biyo kafin ta iso hannunsa tana da masu kuka a gefenta. Shin kyautar da ya yi tana shafe abin da ake binsa, ko kuwa abin da ake binsa shi ke ɓata kyautar? Wanda ya ci moriya yakan yi gaggawar wanke shi, wanda aka ƙwara yakan ƙi ko kallon alherin, ni kuwa a nawa ganin malamanmu na fiƙihu sun daɗe da shimfiɗa ma'aunin da ya fi na ɓangarorin nan biyu adalci, ko da yake ba don irin Beatty suka shimfiɗa shi ba. Amma kafin a auna mutum ya wajaba a san shi.

An haife shi a birnin Niyok cikin 1875, ya yi karatun injiniyan ma'adinai a Jami'ar Kolombiya ya gama cikin 1898, sa'an nan ya nausa yamma zuwa duwatsun Kolorado, inda ya soma da aikin da ya fi kowane ƙasƙanci a cikin rami, wato kwasar ɓaraguzai da shebur bayan an fasa dutse da nakiya, ana biyansa dala biyu a yini. Ƙurar da ya shaƙa a waɗannan ramuka ta zauna masa a huhu har iyakar ransa, ita ce kuma, cikin hikimar Mai juya al'amura, ta zama sanadin shaƙuwarsa da littattafan Musulmi. Allah ya hore masa idon gane dutsen da ke da arziki a ciki, attajiran gidan Guggenheim suka ɗauke shi aiki, bai cika shekara 35 ba ya riga ya zama mai miliyan. Cikin 1911 matarsa ta fari ta rasu da zazzaɓin taifot ta bar masa 'ya'ya biyu ƙanana, shekara na kewayowa ya tattara ya koma Landan, ya kafa kamfanin Selection Trust, wanda daga bisani ya miƙa hannu har Sabiya da gabashin Rasha da ƙasashen Afirka, har aka riƙa yi masa laƙabi da Sarkin Jan Ƙarfe.

Cikin 1914 ya tafi Masar tare da matarsa ta biyu, Edith, ya shiga kasuwannin Alƙahira, ya tarar da Alƙur'anai masu zayyana da ruwan zinariya ana cinikinsu a shagunan dillalai, ya saya. Da ya ji busasshiyar iskar Masar tana yi wa ƙirjinsa daɗi, sai ya mai da ita wurin cin hunturu, ya yi gida kusa da dalar Giza, kowace shekara ya zo dillalai su yi ta sallama da ƙunshe-ƙunshe a hammata. Abin da ya bambanta shi da sauran masu tara kayan da shi ne ba ya sayen tarkace don yawa; yana da masana da yake biya su duba masa, in littafi bai kai ba a mayar wa mai shi, har ma wanda ya riga ya saya yakan fitar da shi in ya sami wanda ya fi shi. Da haka ya tara Alƙur'anai da juzu'ai fiye da 260, da dubban littattafan Larabci na tafsiri da hadisi da fiƙihu da nahawu da ɗibbu da hisabi, waɗanda Shehun malamin nan na Jami'ar Kambirij, Arthur Arberry, ya yi shekaru yana jera sunayensu cikin mujalladai. Bayan waɗannan akwai zane-zanen fadar sarakunan Mugal na Indiya, da littattafan sarakunan Sin da aka sassaƙa a kan allunan koren dutse, da naɗaɗɗun zanen Japan, da takardun Injila da wasiƙun Bulus waɗanda aka rubuta a kan takardar ciyawar Nilu tun wajen ƙarni na uku, waɗanda da aka ba da labarinsu cikin 1931 malaman Nasara suka girgiza, don suna cikin mafi tsufan abin da ya rage na littafinsu. A cikin Alƙur'anan har da 'yan kaɗan irin namu na Afirka ta Yamma, warƙa-warƙa ba ɗinki, da jan wasali da ɗigon hamza rawaya, irin wanda alaramma ke ɗaurewa cikin tadarishi ya zura a gafaka.

A nan almajirin da ya karanta Muhtasar zai ɗaga hannu, yana kuwa da hujja. A mazhabar Imamu Malik ba ya halatta a sayar wa wanda ba Musulmi ba mus'hafi, in ma an sayar akan tilasta shi ya fitar da shi daga mulkinsa, kuma a cikin Muwaɗɗa akwai hanin tafiya da Alƙur'ani zuwa ƙasar abokan gaba don tsoron kada ya faɗa hannunsu. Ƙari a kan haka, da yawa daga cikin tsofaffin masahif da suka shiga kasuwa a wancan zamani asalinsu hubusi ne, wani sarki ko wata baiwar Allah ta yi wakafinsu ga masallaci ko makaranta, wakafi kuwa ba a sayar da shi, ba a kyautar da shi, ba a gādonsa. Sai dai mai wannan hujja ya lura da wanda hukuncin ya hau kansa. Hanin yana magana ne da mai sayarwa tun kafin ya isa ga mai saye, kuma ba Beatty ne ya ɓalle ƙofar taskar masallaci ba. Wani mai riƙon mabuɗi ne, ko magajin malami da yunwa ko kwaɗayi ya kora, ya naɗe littafin cikin mayafi ya kai wa dillali. Wannan laifi namu ne na cikin gida, ba kuwa a yi masa adalci ba in aka ɗauke shi ɗungum aka jibga wa baƙo.

Sa'an nan illar da malamai suka ambata wajen hanin ita ce tsoron wulaƙanci, abin da ya faru a Dublin kuwa, in za a faɗi gaskiya, kishiyar wulaƙanci ne. Cikin 1992 aka yi wa Cibiyar Nazarin Gabas ta Sarayebo ruwan wuta, dubban littattafan Musulmin Bosniya suka zama toka. Cikin Afrilun 2003 aka ƙone ɗakin littattafan ma'aikatar wakafi a Bagadaza, garin Ibnul Bawwab kansa. Cikin Janairun 2013 masu ɗauke da makamai da ke kiran sunan addini suka cinna wa littattafai wuta a cibiyar Ahmad Baba ta Tumbutu. Mu a nan ba ma bukatar yaƙi, gara da ɗigon damina da rabon gado sun isa, don sau nawa aka raba littafi guda kashi uku tsakanin magada saboda kowa ya sami albarkar mahaifi, aka wayi gari babu mai cikakken babi? Duk da haka kada a zarce da yabo. Alƙawarin tsare Alƙur'ani Ubangiji ya ɗauka da kansa, ya kuma cika shi a ƙirazan mahaddata, ta yadda da Dublin za ta nutse a teku yau, gardawan tsangaya guda a Barno ko Haɗeja sun isa su mai da shi kan takarda ba tare da wasali ɗaya ya ɓata ba. Abin da Beatty ya tsare shi ne aikin hannun bayin Allah, da shaidar yadda suka ƙawata maganar Ubangijinsu a zamani bayan zamani, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Amma wanda ya yi wakafin mus'hafi ya yi ne don a buɗe shi da alwala a karanta, lada ta riƙa isa kabarinsa, littafin da ke kwance a bayan gilashi a buɗe a shafi guda wata da watanni kuwa ya sami tsaro, ya rasa tilawa.

Alherin mutumin bai tsaya ga littattafai ba. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ba da gidansa na Landan aka mai da shi asibitin sojojin da suka ji rauni, a ƙarshen shekarun 1930 kuma ya saya wa masu binciken ciwon daji gini a Landan ya ƙawata shi da kayan aiki, cibiyar da ta daɗe tana amsa sunansa. Cikin 1950 ya kwashe taskarsa ya koma Dublin, ba a kuwa ɓoye dalili ba: ya gaji da nauyin haraji da ƙa'idojin fitar da kuɗi na gwamnatin Leba da ta hau bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Mutanen Ailan suka karɓe shi hannu bibbiyu, ya ba ɗakin zane-zanensu na ƙasa zanen Faransawa masu yawa, Sarauniyar Ingila ta ba shi sarautar Sir cikin 1954, Ailan ta ba shi zama ɗan ƙasa na girmamawa cikin 1957, shi ne na farko da aka yi wa haka. Da ya rasu a Monako cikin Janairun 1968 gwamnatin Ailan ta yi masa jana'iza irin ta shugabanni, aka binne shi a maƙabartar Glasnevin, wasiyyarsa kuma ta bar taskar amana a hannun wakilai don amfanin jama'a. Cikin 2000 aka mai da ita harabar tsohuwar fadar Dublin, har yau kuma ba a biyan ko kwabo a ƙofa.

To, wannan aiki zai amfane shi gobe Kiyama? Tambayar ba sabuwa ba ce, Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta riga mu yin ta game da Abdullahi ɗan Jud'an, attajirin Makka na zamanin Jahiliyya, wanda ya shahara da ciyar da miskinai da sada zumunci, amsar da ta samu kuwa, kamar yadda Imamu Muslim ya ruwaito, ita ce hakan ba zai amfane shi ba, domin bai taɓa roƙon Ubangijinsa gafara don ranar sakamako ba ko sau ɗaya. Akwai kuma ruwayar da ta nuna cewa wanda bai yi imani ba ana saka masa kyawawan ayyukansa tun a nan duniya, wanda kuwa ya dubi arziki da sarauta da tsawon rai na shekara 92 da jana'izar girma da Beatty ya samu, zai ce lalle ba a rage masa komai ba. Amma Ahlus Sunna ba sa yanke wa ayyanannen mutum masauki a Lahira in ba da nassi ba, don babu wanda ya san abin da aka cika da shi, ko yadda kira ya iso masa, sai Wanda ya halicce shi. Wannan littafi a rufe yake gare mu, mai hankali kuma ba ya ɓata dare yana leƙen abin da aka rufe. Abin da aka buɗe mana shi ne mu'amalar duniya, a nan kuwa sunna ta koya mana yaba halin kirki ko daga wa ya fito, don Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya saki 'yar Hatimuɗ Ɗa'i daga cikin kamammu saboda karamcin mahaifinta, wanda ya mutu bai riski Musulunci ba.

Akwai wani abu kuma game da ɗan Jud'an ɗin nan da ya cancanci a tsaya a kansa. A gidansa ne aka ƙulla alƙawarin da ake kira Hilful Fuduli, sanadinsa kuwa wani baƙon ɗan kasuwa ne daga Yaman ya kawo haja Makka, wani babba daga cikin Ƙuraishawa, Asi ɗan Wa'il, ya karɓa ya hana shi kuɗinsa, baƙon ya hau dutse ya yi kururuwa, wasu dangogi suka taru suka yi rantsuwa za su tsaya tare da duk wanda aka zalunta har a mai da masa hakkinsa. Annabi ya halarci wannan zama yana saurayi, bayan annabci kuma ya yabe shi, ya nuna da za a kira shi zuwa irinsa a cikin Musulunci da ya amsa. Ga akussan abinci da ɗan Jud'an ya yi ta fitarwa, ga kuma zama guda da aka yi a zaurensa don a biya baƙo kuɗin kayansa, abin da ya sami yabon da ya wanzu daga bakin Annabi shi ne na biyun.

Saboda haka sai mu koma inda dukiyar Beatty ta fito. Cikin 1924 aka kafa kamfanin Consolidated African Selection Trust, wanda ya yi ta haƙar daimon a Akwatiya ta ƙasar Gana, garin da mutanenmu mazauna kurmi suka sani, inda da yawa daga cikin leburori 'yan ci-rani ne daga arewa. A tsakiyar shekarun 1930 gwamnatin mulkin mallaka ta Saliyo ta ba wani reshen kamfaninsa ikon haƙar daimon a duk faɗin ƙasar, shi kaɗai, har shekara 99, ma'ana manomin ƙasar Kono da ya tsinci dutse a rafin da kakansa ya sha ruwa, in ya sa a aljihu, ɓarawo ne a idon doka. Sai cikin 1955 aka taƙaita wannan iko bayan an biya kamfanin diyya. Amma babbar rijiyar arzikinsa tana Rodeshiya ta Arewa, wadda yanzu ake kira Zambiya. Masu haƙa na farko sun raina jan ƙarfen wannan yanki, don wanda ke kusa da sama bai kai na yankin Katanga kyau ba, Beatty kuwa, da yake ya saba a Amurka da cin riba daga dutse mai ƙarancin ƙarfe muddin yana da yawa, ya sa aka zurfafa, aka tarar da wani iri a ƙasa mai sauƙin tacewa, shimfiɗe mil bayan mil. Daga nan mahaƙar Roan Antelope ta garin Luwanshiya da ta Mufulira suka tashi.

Adalci ya sa a ambaci cewa lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya yi ta kashe ma'aikata a Luwanshiya, har leburori suka riƙa gudu suna cewa wani maciji ne a kogin yake cin mutane, Beatty ne ya gayyato Malcolm Watson na Cibiyar Ross, aka yashe fadamu aka gyara magudanan ruwa, mace-mace suka ragu ƙwarai, ko da yake mai tsananta bincike zai ce rami ba ya haƙuwa da matattu. Amma a wannan mahaƙa ɗin dai albashin Bature ya ninka na baƙar fata sau da yawa, manyan ayyuka an keɓe su ga farar fata, kuɗin hayar ma'adinin kuma ba ya zuwa ga Lambawa masu ƙasar, yana tafiya ne ga kamfanin da Cecil Rhodes ya kafa, bisa wasu takardun yarjejeniya da aka daɗe ana tababar ko sun shafi wannan yanki, haka aka yi ta yi har jajibirin samun mulkin kai cikin 1964. A watan Mayun 1935, da gwamnati ta ƙara harajin kai ga mazauna garuruwan haƙa, leburori suka yi yajin aiki, ya fara daga Mufulira ya bi ta Nkana ya iso Roan Antelope, a nan 'yan sanda suka buɗe wuta suka kashe mutum shida. Beatty ba shi ya ƙara harajin ba, ba shi ya ba da umarnin harbi ba, yana can nesa. Amma tsarin da ya sa jan ƙarfe ya yi araha a bakin rami ya yi tsada a kasuwar Landan, shi ne tsarin da ya cika aljihun da aka riƙa zaro kuɗin littattafai daga ciki.

Attajiran Amurka na zamaninsa suna da wata aƙida wadda Andrew Carnegie, sarkin ƙarfe, ya rubuta cikin 1889, cewa mai dukiya wakili ne na talakawa, ya tara iyakar ƙarfinsa sa'an nan ya raba da kansa ta hanyar da ya ga ta fi amfani, don ya fi su sanin abin da zai gyara su. Carnegie ya gina ɗakunan karatu fiye da 2,500, shekara uku kuma bayan wancan rubutu aka zub da jinin ma'aikata a masana'antarsa ta Homestead a kan rage albashi. Shari'a ba ta jera abubuwa haka ba. In mutum ya mutu, bayan likkafani da kabari, bashi ake fara biya, sa'an nan wasiyya a cikin sulusi, sa'an nan magada, ko da kuwa wasiyyar ta gina masallaci ce, don bashi hakki ne, wasiyya kuwa ihsani, ihsani kuma ba ya shiga gaban hakki. Ladan ɗan ƙwadago an yi umarni a ba shi tun guminsa bai bushe ba. Zakka, wadda ita ma hakki ce ba alfarma ba, da aka aiki Mu'azu ɗan Jabal zuwa Yaman an ce ya karɓa daga mawadatansu ya mayar wa matalautansu, daga nan Malikawa suka ce a raba ta a inda ta wajaba ko kusa da nan, kada a ɗauke ta zuwa nesa sai in can sun fi bukata. Game da ma'adinai kuwa, mashhurin mazhaba shi ne al'amarinsu yana hannun shugaba ya sarrafa don maslahar jama'a, ba mallakar wanda ya riga kowa kafa tuta ba ne. Na san ba a ɗora wa Beatty waɗannan hukunce-hukunce a kotun duniya, amma hikimar da ke ƙarƙashinsu ba ta Musulmi kaɗai ba ce, kowane mai lafiyayyen hankali yana gane cewa ƙasar da aka ɗebi arziki daga cikinta ita ta fi cancantar a fara tunawa da ita. Dukiyar nan an haƙo ta a Luwanshiya da Kono da Akwatiya, aka yi sadakarta a Landan da Dublin. Ba sai an je Turai ake ganin irin wannan ba, don mu ma muna da masu gina masallacin Juma'a da hasumiya biyu alhali birkilan da suka ɗora tubalin suna zarya a ƙofar gida wata uku.

Abin mamaki, shi kansa Ibnul Bawwab ya ɗanɗani wannan. Yaƙutul Hamawi ya kawo labarin cewa lokacin da yake kula da taskar littattafan sarki Baha'ud Daula a Shiraz, ya tsinci juzu'ai 29 na wani Alƙur'ani da hannun waziri Ibnu Muƙla, warwatse cikin tarkace, na talatin ɗin ya ɓata. Sarki ya ce ya cike gurbin, da sharaɗin in ya kasa bambanta sabon juzu'in da tsofaffin zai ba shi dinari 100 da rigar girma. Ibnul Bawwab ya nemo tsohuwar takarda mai kama da ta asali, ya kwaikwayi hannun, ya tsufar da zinariyar, ya ciro bangon wani littafi ya sa masa, bayan kusan shekara aka kawo wa sarki talatin ɗin ya juya su ɗaya bayan ɗaya bai gane ba. Sarki ya riƙe Alƙur'anin kusa da shi yana alfahari da shi, dinari da riga kuwa shiru, har mai rubutu ya gaji da tuni ya roƙi a bar masa guntayen takardar Sin da ke taskar a maimakonsu, ya yi shekaru yana rubutu a kansu. Sarkin nan mai son littafi ne da gaske, ya kuma san darajar hannu, duk da haka son da yake wa aikin bai sa ya biya ma'aikacin ba.

Hukuncin da nake gani ya fi kusa da daidai shi ne a bar kowane lissafi a shafinsa. Kyautar Beatty alheri ce tabbatacciya, ɗalibin da ya amfana da ita ya gode, don wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. Hakkin masu haƙa kuma yana nan daram, godiyar mutanen Dublin ba ta rage ko anini daga cikinsa ba, domin ba su ake bi ba, ba su kuma da ikon yafewa a madadin wani. Hadisin nan na mufallashi, wanda zai zo da salla da azumi da zakka amma ya ci dukiyar wannan ya zub da jinin wancan, a yi ta ɗiban ladansa ana biyan masu hakki har ya ƙare, yana nuna cewa aikin kirki ba ya ɓacewa, sai dai yakan sauya mai shi.

Fuƙaha'u suna da wata magana da ta ƙara buɗe wannan ƙofa. Imamu Gazali da waninsa sun ce wanda dukiyar mutane ta cakuɗe da tasa, in yana son kuɓuta, ya mayar wa masu ita, in sun mutu ya ba magadansu, in kuwa ya nema iyakar nema bai same su ba, sai ya yi sadaka da ita da niyyar ladan ya tafi gare su. Bisa wannan ƙiyasi, la'alla wani kaso na ladan tsare waɗannan masahif ana rubuta shi ne ga wani lebura da ya yi tari ya mutu a barikin Mufulira, ko wani ɗan ci-rani da ya wanke tsakuwa a Akwatiya, wanda bai taɓa jin sunan Dublin ba. Allah ne masani, taskarsa kuma ba ta ƙarewa. Sai dai wannan rangwame an yi shi ne don wanda aka rasa, masu wannan hakki kuwa ba su ɓata ba. Luwanshiya tana nan inda take: gwamnatin Kenneth Kaunda ta karɓi kashi 51 cikin ɗari na mahaƙun cikin 1970, aka sayar da ta Luwanshiya ga 'yan kasuwa cikin 1997, ta durƙushe bayan 'yan shekaru dubban ma'aikata suka zauna ba aiki, cikin 2009 wani kamfanin ƙasar Sin ya karɓa. Jikokin waɗanda suka yi yajin 1935 suna cikin garin, ana iya samun sunayensu a rajistar makaranta da ta asibiti, kuma duk wanda ya gaji ribar wancan zamani, kamfani ne ko gwamnati ko gidan littattafai, ya san hanyar da ake bi a je can.